Kalmar "whirligig": daga koɗin yara zuwa juyin zamani

Malama Rabi, Zariya:
Assalamu alaikum, malamaina da 'yan uwana na wannan zaure. Ina karantar da ɗaliban sakandare wasan kwaikwayon Shakespeare mai suna *Twelfth Night*, kuma al'adata ce in warware musu layukan da suka yi tsauri da Hausa kafin mu koma kan Turancin. A fitowa ta ƙarshe akwai inda wawan gidan, Feste, yake cewa "the whirligig of time brings in his revenges", kuma wannan kalma ta *whirligig* ta tsaya mini a wuya tun makon jiya. Ƙamus ɗin da ke hannuna ya ba ni ma'ana huɗu: abin wasan yara mai juyawa, lilon da ke kewayawa da mutane a filin wasa, wani ƙwaro na ruwa, da kuma duk wani al'amari da ba ya zama wuri ɗaya. Tambayata biyu ce. Daga ina kalmar ta samo asali har ta tara waɗannan ma'anoni, kuma wanne daga cikinsu ya kamata in ɗauka idan zan mayar da layin Hausa?

Malam Habu, Kano:
Wa alaikumus salam, Malama. Bari in fara da asalin, tun da shi ne zai haska sauran. Kalmar haɗi ce ta kalmomi biyu, *whirl* da *gig*, kuma tsohuwa ce ƙwarai, domin tana cikin wani ƙamus na Turanci da Latin da aka rubuta a Ingila wajen shekarar 1440, mai suna *Promptorium Parvulorum*, wanda aka tanada saboda yara masu koyon Latin. A can an rubuta ta *whyrlegyge*, aka bayyana ta da cewa wasan yara ce, aka kuma ba ta kalmar Latin *giraculum*, wato abu mai kewayawa. Ashe ke nan ma'anar farko da aka sani ita ce ta abin wasa, sauran duk daga baya suka biyo.

Ita *whirl* tana nufin juyawa da sauri, kuma masana sun fi karkata ga cewa Turanci ya same ta daga *hvirfla* ta tsohon harshen mutanen arewacin Turai, mayaƙan tekun nan da ake kira Viking. Waɗannan mutane sun shigo Ingila da babbar runduna a 865, suka ci birnin York a 866, suka zauna a gabashi da arewacin ƙasar har suka yi auratayya da 'yan gari, shi ya sa kalmominsu na yau da kullum irin su *egg* da *sky* da *window* suka zama na Turanci. Tsohon Turanci ma yana da 'yar uwarta, *hweorfan*, ita ma juyawa take nufi. Shi kuwa *gig*, a Turancin wancan zamani suna ne na abin da yara ke murzawa ya tsaya da ƙafa ɗaya yana juyi, irin koɗinmu. Idan aka lura, kalmar ta faɗi abu ɗaya sau biyu ne, kamar a ce "koɗi mai juyawa", alhali babu koɗin wasan da ba ya juyawa.

Nura, Kaduna:
Allah ya ƙara basira, Baba Habu. Ina neman afuwa idan tambayar ta yaro ce, amma wannan *gig* ɗin yana da alaƙa da gig ɗin da muke saye na data a waya? Na tambaya ne domin wani malaminmu ya taɓa cewa kalmomin kwamfuta da yawa tsofaffin kalmomi ne aka ba su sabon aiki.

Malam Habu, Kano:
Malaminku bai yi ƙarya ba, Nura, amma a nan kamar da wane ce kawai, wadda ba ta wane. Gig ɗin data taƙaitawa ce ta *gigabyte*, ita kuwa *giga* daga *gigas* ta Girkanci take, mai nufin basamude, kuma a 1960 aka tabbatar da ita cikin ma'aunan duniya a matsayin biliyan ɗaya. Babu abin da ya haɗa basamuden Girkawa da abin wasan yaran Ingila sai dacewar haruffa. Akwai ma wasu *gig* ɗin: ƙaramin keken doki mai ƙafa biyu, da ƙaramin kwalekwalen da ke bin babban jirgin ruwa, dukansu sun bayyana a ƙarshen ƙarni na 18, sai kuma aikin kiɗa na dare ɗaya da makaɗan Amurka ke cewa sun samu. Wasu na ganin keken da kwalekwalen sun ci sunan ne saboda rashin nauyi da saurin juyawarsu, amma ni ba na ɗora wa kalma dangi sai na ga shaidar haihuwa.

Malam Issufu, Maraɗi:
Ina gaisuwa ga kowa. Ni abin da ya ja hankalina shi ne wannan *hw* da Malam Habu ya kawo a *hweorfan*. Mu nan da mutanen Sakkwato da wani sashe na Katsina muna cewa hwata da hwara da hwaɗi inda Bakano zai ce fata da fara da faɗi, saboda haka idan na furta tsohuwar kalmar tasu, bakina bai sha wata wahala ba. Shin Turawa sun yar da wannan sauti ne, ko kuwa rubutun kawai suka juya?

Malam Habu, Kano:
Duka biyun sun faru, Malam Issufu, sai dai ba a lokaci ɗaya ba. Tsohon Turanci yana rubuta *hw*, kamar *hwæt* da ta zama *what*. Bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066, marubuta suka riƙa juya haruffan suna sa *wh*, amma baki ya ci gaba da furta *hw* tsawon ƙarnoni. Daga baya mafi yawan mutanen Ingila suka saki hucin, har *whine* da *wine* suka zama ɗaya a kunne, yayin da mutanen Sikotilan da Ailan da wasu sassan Amurka suka riƙe shi. To, Bamaraɗe ya fi Balandane na yau kusa da yadda marubucin ƙamus na 1440 zai fara furta kalmar, ko da yake ina roƙon kada wani ya tashi daga nan ya je yana cewa Turanci daga Gobir ya fito, domin na sha jin irin wannan a wuraren da ban zata ba.

Hajiya Binta, Gilasgo:
Na shaida maganar Malam game da mutanen Sikotilan, domin shekara goma sha ɗaya ke nan ina zaune a cikinsu. Amma zan ƙara wa Malama Rabi ma'ana ta biyar wadda ƙamus ɗinta bai kawo ba. Da muka tare a gidan da muke ciki, maƙwabciyata, wata tsohuwa mai kirki, ta leƙo ta katanga ta ce mini mai gidan ya bar mana *whirligig* a bayan gida, in kuma ba na so ita tana so. Na fita ina neman abin wasan yara, sai na tarar da wani dogon ƙarfe a kafe cikin ciyawa, yana da hannuwa huɗu kamar lemar da aka kifa, an zagaye su da igiyoyi. Ashe igiyar shanya ce. Idan aka shanya kaya iska ta kaɗa, sai duk abin ya riƙa juyawa a hankali, kowace riga ta samu rabonta na iska da ɗan abin da ya samu na rana, wadda a garin nan ba kullum ake ganinta ba. Ranar da na fara shanya zannuwan gado a kansa aka yi iska mai ƙarfi, na tsaya ta taga ina kallonsa yana wulwulawa, a nan na gane dalilin sunan ba tare da kowa ya gaya mini ba. Yawancinsu ma *whirly* kawai suke cewa.

Dakta Asabe, Jos:
Tun da an ambaci ƙwaro, wannan ɓangarena ne, domin ilimin halittu nake koyarwa. Ƙwaron da suke kira *whirligig beetle* baƙi ne ƙarami mai sheƙi, yana zama a saman ruwan da ba ya gudu sosai, kuma duk wanda ya tsaya bakin tafki da damina ya ga wasu ƙananan abubuwa kamar 'ya'yan kankana suna kewaye-kewaye a taro ba sa karo da juna, to su ne. Sunan danginsu a kimiyya shi ne Gyrinidae, daga *gyros* ta Girkanci mai nufin da'ira, wato masana ma motsin suka duba suka raɗa suna, kamar yadda talakan Ingila ya yi. Abin mamaki a jikinsa shi ne kowane ido ya rabu biyu, rabi yana kallon sama saboda tsuntsu, rabi yana kallon cikin ruwa saboda kifi. Na kawo wannan ne don in nuna cewa ƙwaro da igiyar shanyar Hajiya ba su haɗa komai ba, ba siffa, ba girma, ba amfani, sai juyin nan kaɗai.

Malam Issufu, Maraɗi:
Dakta ta tuna mini da makarantar firamare. A Faransanci wannan ƙwaro *gyrin* ne, amma ana kuma kiransa *tourniquet*, kalmar da ita ce sunan ƙarfen nan mai juyawa da ake sawa a ƙofar filin ƙwallo don mutane su shiga ɗaya bayan ɗaya. Sai dai Faransanci bai tara sauran a ƙarƙashin kalma ɗaya ba. Koɗin yara *toupie* ne, lilon da ke kewayawa *manège* ne, abin da ke nuna inda iska ta fuskanta a kan rufi kuwa *girouette*, wanda kuma suke jifan ɗan siyasar da ba ya zama jam'iyya ɗaya da shi. Saboda haka mai fassara zuwa Faransanci ma dole ya zaɓa, kamar yadda ya zame wa Malama dole.

Nura, Kaduna:
Idan haka ne, me zai hana mu ƙirƙiri kalma ɗaya da za ta ɗauke su duka? Ina ganin "majuyi" za ta yi, daga juya, kamar yadda muka samu mabuɗi daga buɗe. Idan muka ci gaba da cewa Hausa ba ta da kalmar kaza, kullum a baya za a bar mu, kuma ai kowace kalma wani ne ya fara faɗinta.

Malam Habu, Kano:
Ina son kishin nan naka, Nura, amma dubi misalin da ka kawo da kanka. Mabuɗi ba abin da ke buɗuwa ba ne, abin da ake buɗewa da shi ne, haka magogi, haka masassabi. Wannan ƙira ta ma- a Hausa, idan abu ake nufi ba mutum ko wuri ba, kayan aiki take haifarwa, don haka duk Bahaushen da ya ji "majuyi" zai ɗauka abin da ake juya wani abu da shi ne, irin wanda mai waina ke riƙewa, ba abin da shi kansa yake juyi ba. Kalmar ta ba da akasin abin da muke nema.

Kuma ban yarda an bar mu a baya ba. Mu dai ta wata ƙofa muke shigar wa abubuwan nan. Koɗi da katantanwa sun ci sunansu ne daga abin da aka yi su da shi, wato ɓawon dodon koɗi. Mazari ya ci nasa daga aikinsa na zare. Fanka kuwa labarinta ya fi daɗi, domin daga *punkah* take, kalmar Indiya da Turawan mulki suka zo mana da ita, kuma *punkah* ta asali ba ta juyawa ko kaɗan: faffaɗan ƙyalle ne a jikin katako da ake ratayewa a rufin ɗaki, yaron gida yana jan igiya yana kai shi yana komowa. Da mai lantarki ta zo, sunan ya bi ta saboda aikin ɗaya ne, ba da iska, bai damu da cewa motsin ya sauya ba. To, *whirligig* akasin haka ta yi, ta bi motsin duk inda ya je, ba ruwanta da aikin. A fagen kalmomin juyi kuwa, ina Turanci zai kai mu? Muna da juya, jujjuya, kewaya, wulwula, murza, mirgina, katantanwa, majaujawa, hajijiya, kowace da irin juyin da take nufi.

Dakta Asabe, Jos:
Malam ya ambaci mazari, sai na tuna kakata, Allah ya jiƙanta, zaune a kan tabarma da taskira a gabanta, tana shafa alli a yatsu ta murza mazarin ya tsaya yana juyi a kan gululunsa, auduga tana zama zare a ɗaya hannun. Wannan dunƙulen yumɓu na gindin mazari, wanda nauyinsa ke sa juyin ya daɗe, Turawa *whorl* suke ce masa, kuma ita ma 'yar ɗakin su *whirl* ce. Ina ganin ba banza ba ne kalmomin juyi a harsuna da yawa suke zagaye da kaɗi da wasan yara, domin kafin zuwan inji, waɗannan ne abubuwan da ɗan Adam yake gani suna juyi da sauri a cikin gidansa.

Baba Ɗanladi, Bauchi:
Ina gaishe da malamai. Ni tsohon soja ne, ba masanin harshe ba, amma na ga har yanzu ba a taɓo ma'anar da ta shafi bariki ba, kuma ita ce mai ban tsoro a cikinsu. Wani Baturen Ingila mai suna Francis Grose ya wallafa tarihin sojan ƙasarsu, *Military Antiquities*, a 1786 da 1788, kuma a cikin hukunce-hukuncen da ya lissafa akwai *whirligig*. Keji ne na katako mai zagaye, an ɗora shi a kan turke ɗaya yadda zai juya. Ba sojoji aka fi sawa a ciki ba, sai masu bin sansani suna sayar da abinci da abin sha, irin 'yan kasuwar barikinmu, idan sun yi ƙaramin laifi kamar faɗa ko tada hayaniya. A kulle mutum a ciki a yi ta wulwula kejin da gudu har jiri ya kwashe shi ya yi ta amai a gaban jama'a, ana dariya. Abin da ya dame ni shi ne sunan wasan yara aka ɗauka aka sa wa abin azaba, kuma na tabbata da gangan ne, domin wulaƙancin ya cika. Duk wanda ya taɓa yin hajijiya yana yaro har ya faɗi ƙasa tana juya masa, ya san kaɗan daga abin, sai dai shi yaro idan ya gaji yana tsayawa.

Malama Rabi, Zariya:
Baba, Allah ya ƙara girma. Wannan ma'ana ta sa na sake duban layin, domin wanda Feste yake gaya wa maganar, Malvolio, hukunci aka yi masa na wulaƙanci. Shi ne wakilin gidan Olivia, mutum mai ɗaga hanci, wanda tun farkon wasan ya kushe Feste a gaban uwargijiyarsu ya ce ba shi da basirar komai. Sai aka haɗa masa tarko da wasiƙar ƙarya, ya yi ta abin kunya yana zaton uwargijiyar tana sonsa, har aka kulle shi a ɗaki mai duhu da sunan mahaukaci. A ƙarshe Feste ya tuna masa da zagin nan, sannan ya faɗi layin da muke magana a kai. Shin ba kejin Baba ne Shakespeare yake nufi ba?

Malam Habu, Kano:
Zai yi daɗi a ce haka ne, Malama, amma shekarun ba su goyi bayanmu ba. An nuna wasan a Landan a watan Fabrairun 1602, bayanin Grose kuwa sai bayan shekara fiye da 180. Ba za mu ɗauki ma'anar da muka samu a ƙarshen ƙarni na 18 mu sa ta a bakin mutumin farkon ƙarni na 17 ba tare da hujja ba. Ko ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 abin wasan yara ya ba da a matsayin ma'anarta. Akwai kuma shaida a cikin wasan kansa: tun a kashi na farko, Sir Toby mashayi ya yi maganar a sha har ƙwaƙwalwa ta riƙa juyi kamar *parish top*, wato babban koɗin katako na unguwa wanda ake tsula wa bulala don ya ci gaba da juyawa. Ke nan abin yana cikin idon marubucin da na 'yan kallonsa. Ki kuma lura da *his* a layin. A Turancin lokacin *its* ba ta gama kafuwa ba, ana amfani da *his* ga abu marar rai, saboda haka kada ɗalibai su ɗauka dole wani mutum ne ake nufi. Hoton dai shi ne zamani koɗi ne, gefen da ya ba ka baya yanzu shi zai fuskance ka an jima.

Malam Issufu, Maraɗi:
To ai Hausa ta riga ta gama wannan aiki. A ce kawai "duniya juyi-juyi", ko kuma "duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya". Ɗalibi zai gane nan take, ba sai an kawo masa koɗi ba.

Hajiya Binta, Gilasgo:
Ban cika yarda ba, Malam Issufu. Waɗannan karin magana biyu sauyin hali kawai suke nunawa, mai sama ya dawo ƙasa, ko da bai cuci kowa ba. Mukan faɗe su ma da tausayi, idan attajiri ya karye. Shi kuwa Feste ba tausayi yake ba, ramuwa yake murna da ita. Idan karin magana za a ɗauka, "alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi" ya fi kusa, sai dai shi kuma babu juyi a cikinsa. Layin Turancin ya haɗa biyun ne a numfashi ɗaya, juyin da ramuwar, kuma duk karin maganar da muka ɗauko rabi take kamawa.

Baba Ɗanladi, Bauchi:
Ni ina bayan koɗin, kuma ga dalilina. A wasan koɗi da muka yi muna yara, ba juyi kaɗai ba ne. Za a share rairayi a zauna a da'ira, kowa ya murza nasa, kana kallonsa yana juyi sai ka shammace shi ka kifar da shi. Wanda ya kasa sai ya miƙa bayan hannunsa, waɗanda suka ci su ƙwala masa tsinin koɗin, wani lokaci har fata ta ɗaye. Kana shan duka kana haƙuri domin ka san zagaye na gaba zai iya zama naka, kuma wanda ya fi zafin hannu shi kowa yake jira. Daga baya da ɓawon ya yi wuya, yara suka koma haɗa marfin biro da marfin batir, amma dokar ba ta sauya ba. Idan akwai abin da ya haɗa juyi da ramuwa a Hausa, wannan ne. Ban ce Bature ya san wasanmu ba, amma yaron Zariya da ya ji "koɗin zamani" zai ji zafin a bayan hannunsa.

Dakta Asabe, Jos:
Kafin a rufe batun abin wasan, akwai wani nau'insa da shi ma sunan ya hau, kuma kusan kowa a nan ya yi shi. A sami marfin kwalbar lemo a daddaka shi da dutse ya baje, a huda shi biyu da ƙusa a tsakiya, a zura zare a ƙulla, a wulwula shi zaren ya nannaɗe, sannan a riƙa ja ana sassautawa, yana gurnani yana juyi gaba da baya. Har yau akwai tabonsa a babban yatsana. Turawa da maɓallin riga suka fi yinsa, kuma *whirligig* suke kiransa. A 2017 wani masani a jami'ar Stanford ta Amurka, Manu Prakash, da abokan aikinsa suka fitar da na'urar tace jini ta takarda da zare a kan wannan dabara, suka sa mata suna Paperfuge. Ta kai juyi 125,000 a minti ɗaya, kuɗin haɗa ta bai wuce santi 20 na dala ba, tana ware ruwan jini daga ƙwayoyinsa cikin ƙasa da minti biyu, tana kuma ware ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro cikin minti 15, duk ba tare da lantarki ba. Ni da na sha zama da samfurin jini a hannu ina jiran a kawo wuta, da na karanta labarin sai da na dubi tabon nan nawa.

Nura, Kaduna:
Na janye majuyi, Baba Habu, hujjar ta kama ni. Amma yaya ake furta ƙarshen kalmar? Na ji wani a bidiyo yana cewa kamar "jig".

Malam Habu, Kano:
Da g biyu masu tauri ake furta ta, kamar na gida da gero, kuma nauyin yana kan gaɓar farko. Masu cewa "jig" suna jawo ta ne wajen *thingamajig*, wato "abin nan" da suke cewa idan sunan abu ya kwanta musu, da wata rawarsu mai suna *jig*, domin kunne yana son kai baƙuwar kalma gidan da ya sani.

Malama Rabi, Zariya:
Na gode wa kowa, Allah ya saka da alheri. Jiya na shiga ajin da marfin biro da marfin batir a jaka, na haɗa koɗin a gabansu na murza a kan tebur, ya yi juyi biyu ya faɗi ƙasa, aji ya kwashe da dariya, sai da wani yaro daga layin baya ya taso ya nuna mini yadda ake kama shi. Na rubuta musu fassara biyu a allo, "duniya juyi-juyi, yau ga ranar ramuwa ta zo" da kuma "haka koɗin zamani yake juyowa da ramuwarsa", na ce su zaɓa. Mazan kusan duka suka ɗauki ta biyun. Matan suka ce su ba su yi wasan koɗi ba, ta farkon ta fi shiga kunnensu, wata kuma ta tambaye ni me ya sa ba za a ce mazarin zamani ba, tun da shi idan ya juya yana tara abin da aka ba shi ne har ya cika. Ban ba ta amsa ba, na ce zan kawo tambayar nan zauren, ga ta kuwa na ajiye wa Malam Habu da Dakta.